Dokin Gardi a Turken Baffa

A shekarun da aka fara yin siminti a Malbaza, ba simintin ne ya tayar da hankalin ƙauyenmu ba, don babu wanda ya gina ko akurki da shi. Mobilet ce, ɗan ƙaramin babur ɗin nan. Maƙwabcinmu ya samu aikin gadi a ma'aikatar, bai shekara ba ya dawo gida a kanta. Shi da Baffa, yayan mahaifina kuma mai gidanmu, tun suna samari suke gasa a kan komai, daga tsawon zangarniyar gero har zuwa girman rawani. Hanyar gidansa ba ta ƙofarmu ta bi ba, amma kullum da yamma sai ya zagayo ta nan, ya rage gudu, ya gaida Baffa da ƙaho.

Baffa ya daure har rani ya ƙare. Da hadari ya fara haɗuwa sai ya sayar da bijimi, ya tafi kasuwar Badaguishiri, ya dawo da doki da sirdi da linzami da ƙaimi. Kayan a kan jaki suka zo. Dokin kuwa ƙarti ne suka jawo shi da igiyoyi, Baffa na biye a ƙasa yana ba su umarni daga nesa.

Ni a lokacin ina kwaleji a Konni, sai da na zo hutun damina Kaka, mahaifiyarsu Baffa, ta ba ni labarin. Dillali ya gaya wa Baffa cewa dokin gwamnati ne. Wani gardi, dogarin gwamnati irin masu kaki da jar hula, ya yi shekaru yana hawansa yana bin ƙauyukan Illela lokacin karɓar lanho, wato haraji, shi ya sa yake da ɗan girman kai. Baffa da ya ji an ambaci gwamnati bai ƙara tambayar komai ba, ko dalilin arharsa bai tambaya ba. Kaka ta sa wa dokin suna Kumandan, kamar yadda ake kiran babban jami'in gwamnati mai mulkin yanki. Ta ce yana ci, ba ya aiki, kuma ba a zuwa kusa da shi sai a sha wuya.

Ranar da na iso, ban ko ajiye akwatina ba na zagaya bayan gida in gan shi, ina sanye da kakin lakwal, wato kayan makaranta. Ja ne mai duhu, dogo, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Yana ganina ya zabura, ya ja da baya har igiyar ta miƙe, ya tashi tsaye da ƙafafun baya, ya faɗi, ya sake tashi. Turken ya kusa tumɓukewa. Na tsaya kamar an dasa ni, sai da Kaka ta fizgo ni ta kwala.

Kafin la'asar maganar ta kai gindin tsamiya, inda dattawan unguwa ke zama. Aka yanke hukunci cewa dokin ba ya son 'yan lakwal. Wani tsoho ya ce dama dabba tana ganin abin da mutum ba ya gani. Duk suka juyo suka dube ni, ni kuwa na sunkuyar da kai, don a lokacin ko gaisuwa sai na shirya ta a zuci kafin in furta.

Cikin masu zaman tsamiyar nan babu wanda ya taɓa mallakar doki, saboda haka kowa ya san maganinsa. Ɗaya ya ce iska ce a jikinsa, aka yi masa hayaƙi da barkono har yaran gida suka kwana suna tari. Wani ya ce ƙoshi ne, a hana shi abinci, aka hana dokin da ƙashi kawai ya rage masa. Wani ya ce a ɗaure kansa sama a reshe ya yini, girman kan zai sauka. Daga ƙarshe Baffa ya sayo laya wajen wani mai magani a kasuwar Dogarawa, amma aka rasa wanda zai rataya ta a wuyan dokin, sai aka ɗaura ta a turke.

Da duk wannan bai yi ba, Baffa ya yi rantsuwa a gaban jama'a: idan aka fara yankan gero bai hau dokin nan ba, zai sayar wa mai amalanken Malbaza. Kowa ya san mutumin. Duwatsu da buhunan siminti yake ɗauka, kuma ba a taɓa ganin dokinsa ya kai damina biyu ba. Tun da ya ji labari yake biyowa lokaci-lokaci, ya leƙa ta kan danga, ya auna dokin da ido, ya gyara bulalarsa a kafaɗa ya wuce.

Gaskiya ba da niyyar ceton kowa na fara ba. Wurin karatu nake nema. Da safe muna gona, bayan azahar kuma gidanmu ba ya zaunuwa: ga daka, ga kukan yara, ga muryar Baffa wadda ko gaisuwa yake yi sai a ɗauka faɗa ne. Wuri ɗaya ne kowa ke gudu, shi ne bayan gida wajen turke. Na tuɓe kakin, na sa wata tsohuwar taguwa, na shimfiɗa tabarma can nesa da inda igiya ke kaiwa. Na juya wa dokin baya don kada in ga idonsa in tsorata. Mushenmu, malamin ajinmu, ya ce mu riƙa karatu a bayyane don harshe ya saba, ni kuma kunya ba ta barin in ɗaga murya, sai in yi ta gunguni. Littafin na kogunan ƙasar Faransa ne da duwatsunta. Haka na yi ta jera wa Kumandan kogunan da ni da shi ba wanda zai taɓa shan ruwansu.

Da farko ina jinsa a bayana yana huci yana kai da kawo. Bayan wasu kwanaki sai na lura ya daina. Idan na fara gunguni, sai in ji ya koma cizgar ciyawa. Idan na yi shiru na motsa, sai ya tsaya cak.

Ni mutum ne da ba ya iya barin abu a rabi. Na fara satar kallonsa ta gefen ido, ina lura da abin da ke firgita shi. Hannu idan an ɗaga sama. Duk wani abu dogo a hannu, ko karan dawa ne. Ƙarar ƙarfe. Takalmi mai nauyi. Tsawa. Da kaki, ba shakka. Mutum da hannu a sake kuwa, idan bai dube shi ido cikin ido ba, bai cika damunsa ba. Da na matso da tabarmar har na iya ganinsa da kyau, sai na ga dalili a rubuce a jikinsa. Gefen bakinsa duka biyu a tsage suke, tabo a kan tabo, aikin linzami. Cikinsa duk ɗigon ƙaimi ne. A gadon bayansa akwai miki da ƙudaje ba sa bari ya huta. Gardin ya hore shi yadda yake horon masu jinkirin biyan lanho, bambancin kawai su suna iya gudu daji.

Kullum sai in matsar da tabarmar kamar taƙi guda. Ina dawowa daga gona da ɗanyar ciyawa, in ajiye a gefena ba tare da na miƙa masa ba. Kaka ta riƙa ba ni dusa da ɗan gutsuren kanwa, tana yi tana tsiya, don tsakanina da ita wasan jika da kaka ne, mai gidanta take kirana.

"Mai gidana," in ji ta, "an kai ka lakwal ka zama kumandan, ka dawo kana yi wa Kumandan karatu. Ni mi zan ci a wanga aure?"

Na ce mata ta yi haƙuri, shi ma ɗalibin yana ƙoƙari. Ta ce ai ta gani, ya fi ni cin abinci.

Wata rana ina tsakiyar wani dogon kogi, sai na ji numfashi mai ɗumi a ƙeyata. Ban juya ba. Na ci gaba da karatu, ko da yake ban san me bakina ke faɗa ba. Dokin ya shinshina kunnena, ya shinshina kafaɗata, sannan ya miƙo wuya ta saman kaina ya kama gefen littafin da leɓe. Littafin na lakwal ne, an ba ni aro da gargaɗi mai tsanani. Na bar shi ya ci kusurwar. Har yau akwai wani yanki na kudancin Faransa da ban san me ke cikinsa ba.

Daga nan abubuwa suka riƙa zuwa a hankali. Ya yarda in taɓa wuyansa, muddin hannuna daga ƙasa ya taso. Ya yarda in wanke mikin da ruwan ɗumi in barbaɗa garin bagaruwa, in shafa man shanu a gefen don ƙuda. Ranar farko da na taɓa bakinsa ya fizge, na koma tabarma, muka yi kamar ba mu san juna ba har washegari. Kakin kuma na rataye shi a danga can nesa, ina matso da shi kamar yadda na yi da tabarma. Ya yi kwanaki yana hararar rigar. Da ya tabbata babu gardi a cikinta, sai ya cinye aljihun gaba.

Da mikin ya warke, gashi ya fara tsirowa, na ɗora masa tsumma a baya, daga baya na ɗauko sirdin Baffa daga zaure. Linzami da ƙaimi ban taɓa su ba. Da ragama kawai, igiyar da ake sa wa a kai ba tare da ƙarfe a baki ba, na fara jansa zuwa tabki da tsakar rana lokacin da mutane ke hutawa. Ranar da na fara hawansa, a hankali na zauna a kan sirdin. Ya tsaya yana jiran dukan da ya saba biyo bayan hawa. Da bai zo ba, sai ya taka.

Mata masu itace ne suka gan mu, kafin mu dawo gida labari ya riga mu. Baffa ya tarye ni da fara'a, ya wuce ni ya je ya shafa layar da ke turke. Ya ce dama mai maganin ya gaya masa aikinta a hankali take yi. A gindin tsamiya mai hayaƙin barkono ya ce hayaƙinsa ne ya fara buɗe hanya, mai shawarar yunwa ya ce kada a manta da tasa gudunmawar. Ni aka yaba mini da cewa dokin ya yi laushi har ɗan lakwal ma yana iya hawansa. Baffa ya sanar cewa ranar kasuwar Dogarawa mai zuwa zai hau. Gero ya riga ya nuna, ana ta wasa magirbi.

Da hantsin ranar, bayan gidanmu ya cika. Dattawan tsamiya sun zo, maƙwabci ya kafe mobilet ɗinsa ya zauna a kai, mai amalanke ya jingina da danga. Na riga na ɗaura sirdi, dokin yana tsaye lafiya. Sai ga Baffa ya fito. Ya yi tunani cewa dokin gwamnati sai da shigar gwamnati, don haka a kan babbar rigarsa ya ɗora wata kwat ta kaki da ya saya wajen wani tsohon soja a Konni. Ƙafarsa takalman soja ne, an ɗaura musu ƙaimi. Bulala a hannun dama, linzami a hagu yana ƙara, ga rawani har yana taɓa ƙofar zaure. Duk abin da na yi damina ina lura dokin na tsoro, Baffa ya tattaro shi a jiki ɗaya bai bar ko guda ba.

Dokin bai yi tsalle ba. Ya ja da baya har ƙarshen igiya, ya tsaya yana kyarma, gumi ya keto masa, fitsari ya zubo. Baffa ya daka masa tsawa. Da ya ga bai matso ba, sai ya ce samari su kawo igiyoyi a kayar da shi a cusa masa linzamin. Na ga mai amalanke ya gyara tsayuwa.

Na san idan igiya ta sake hawa ƙafarsa, shi ke nan, ba zai ƙara yarda da kowa ba, kuma kafin sati yana jan duwatsu. Ban taɓa musa wa babba magana ba, balle Baffa, balle a gaban mutane. Ban san lokacin da na shiga tsakaninsu ba. Na durƙusa kamar mai gaisuwa, idona a ƙasa.

"Baffa, don Allah ka ajiye bulalar."

"Mi ka ce?"

Muryata ba ta kai kunnensa ba, sai da na maimaita. Na ƙara da cewa idan ya ajiye, zai hau yau. Idan aka kawo igiya, ba zai hau ba har abada.

Baffa ya dube ni, ya dubi maƙwabci da ke murmushi a kan mobilet. Ina jin lissafi ya yi: ko ya bi maganar yaro, ko ya tafi kasuwa a ƙasa bayan ya tara gari. Ya miƙa bulalar gefe ba tare da ya duba ba, Kaka ta karɓa. Na ce sai linzamin. Ya ce wane mutumin kirki ne ke hawan doki da ragama kamar mai jaki. Ban tashi daga durƙuson ba har sai da ya miƙa. Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya, ƙaimi, takalma, kwat. Kaka na karɓa tana jerawa a kan turmi, tana cewa tun yana yaro rabonta da ta tuɓe shi, ashe da sauran aiki.

Abu na ƙarshe shi ya fi wuya. Na ba shi harawa a hannu, na roƙe shi ya juya wa dokin baya, ya tsaya, kada ya ce komai. Baffa ya tsaya ba takalmi, fuskarsa na kallon jama'a, harawa na lilo a hannunsa. Ban taɓa ganinsa ya yi shiru mai tsawon haka ba, ko a masallaci. Wani dattijo ya buɗe baki zai ba da shawara, Kaka ta harare shi ya rufe. Ni na koma gefen dokin ina yi masa gungunin kogunan da ya saba ji. An daɗe. Sannan dokin ya ɗaga ƙafa, ya sake ɗagawa, ya miƙa wuya ya shinshina jelar rawanin Baffa. Ya ja harawar daga hannunsa ya fara ci.

Na riƙe ragama, Baffa ya sa ƙafa a likkafa a hankali kamar mai taka ƙwai, ya zauna. Dokin ya ɗan ƙame, ya juyo da kunne wajena, sannan ya sake jiki. Na san ba zai tafi ba sai ina gaba, don haka na ja, muka fita ta ƙofar gida.

Maƙwabci ya tura mobilet ɗinsa ya biyo mu, don na roƙe shi kada ya tayar da ita kusa. Ya ce, "To, abokina, kai ka hau doki, ko yaro ne ya ɗauko ka?"

Baffa ya gyara zama, ya dube shi daga sama. Ya yi magana ƙasa-ƙasa saboda dokin, abin da ya sa ta fi shiga.

"Wanga zagina ne. Ɗan kwaleji. Kai wa ke tahiya gaban mobilet ɗinka?"

A ƙasarmu babban mutum ne kawai ke da zagi, mai tafiya a ƙasa gaban dokinsa. Maƙwabci ya duba gaban mobilet ɗinsa, babu kowa sai wata akuya.

Kafin mu kai Dogarawa, Baffa ya gama gina bayaninsa. Duk wanda ya tambayi ina linzami, sai ya ce dokin gwamnati ba a sa masa, linzami na dawakin ƙauye ne da ba su da tarbiyya. Rashin takalmi kuma, ai mai doki ba ya taka ƙasa, me zai yi da su. Da yamma a gindin tsamiya na ji mai hayaƙin barkono yana cewa shi tun farko ya so ya faɗi haka, ba a ba shi dama ba ne. Mai amalanke ya sake biyowa sau ɗaya lokacin yankan gero. Baffa ya ce masa ya yi mamakin mutumin da zai dubi doki irin wannan ya yi masa tunanin amalanke.

Sauran hutun a zagi na ƙare shi. Kowace kasuwa, kowane suna, kowace ta'aziyya, ina gaba da ragama, Baffa na sama yana amsa gaisuwa da ka. Amma ranar komawa lakwal tana matsowa, kuma dokin bai yarda da kowa shi kaɗai ba sai ni. Baffa ba zai tambayi ɗan ƙaninsa ba. Kaka ya aiko ta ji wane irin karatu nake yi wa dokin, ko akwai wanda za a rubuta a wanke a ba shi ya sha. Na ce ta gaya masa ba karatun ba ne. Ko me mutum zai ce, ya zauna ya juya baya, ya faɗe shi a hankali, kullum. Kaka ta ce idan sai Baffa ya yi magana a hankali kullum, to gara a fara neman mai amalanke tun yanzu.

Ranar tafiya na sa kakina mai aljihu ɗaya, na ɗauki akwati zan fita bakin hanya in jira kamiyon siminti, babbar motar da za ta rage mini hanya zuwa Konni. Na zagaya bayan gida in yi sallama da dokin. Sai na tarar da Baffa a kan tabarmata, ya juya masa baya, carbi a hannu, yana gunguni. Na ɗauka addu'a ce, na tsaya in jira ya shafa. Da na kasa kunne, sai na ji labarin maƙwabci yake bayarwa: yadda tun suna yara ba ya iya riƙe hauya, yadda gadin da yake taƙama da shi barci ne kawai a bakin ƙofa, yadda mobilet ɗin ma a gangare kaɗai take da ƙarfi. Yana faɗa a hankali, da murya mai taushi da ban taɓa sanin yana da ita ba. Dokin na tsaye a bayansa, ya ɗora haɓa kusa da rawanin, kunnuwansa a sake.

Baffa ya hango ni ta gefen ido. Bai juyo ba, bai ɗaga hannu ba, ya dai yi mini alama da ɗan yatsa daga ƙasa.

"Tahi, Allah shi kiyaye hanya," in ji shi cikin raɗa. "Kar ka hirgita mini shi da wanga kaki naka."